Gidan bakin kogi: mun kwaso kwalliya, mun bar dabara

Duk wanda ya san Kigo Road ko Kabala Costain ya san abin da Kogin Kaduna ke yi in ya cika a ƙarshen damina. An gani a 2003, an sake gani a 2012. Amma har gobe ana sayen fuloti a fadama, a zuba jar ƙasa a yi ciko, a ɗora gida irin na Lekki, unguwar masu kuɗi a Legas: gilasai, farin fenti, doguwar katanga, tsakar gida shafe da siminti.

Masu zanen gidajen bakin teku, kamar a gaɓar Amurka, ba sa musu da ruwa. Sun san zai zo. Sai su nemi iyakar inda ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa, su ɗaga ɗakuna sama da nan a kan ginshiƙan kankare, su bar ƙasan a buɗe, a ajiye mota in rani ya yi, ruwa ya ratsa ya wuce in damina ta yi. Mita da soket da janareta duk suna sama. Masuntan Makoko a Legas da katako suke yin wannan, ba su jira injiniya ba.

Mu kuwa katanga muka riƙa. Bulo mai inci 6 ba ya jure turin ruwan da ya kai ƙugu, kuma in ta rushe, a kan mutanen gidan take faɗawa. In ta tsaya, ruwan da ta kora gidan maƙwabci zai nufa, galibi talaka mai ginin ƙasa. Haka ciko: kowace tifa da aka juye a fadama, an rage wa kogi wurin shimfiɗa ƙafa ke nan. Ga kuma sokawe, da ba a son maganarsa. Ambaliya na shigowa yake tumbatsa, ya haɗe da rijiya, bayan mako a fara jin amai da gudawa.

Ginshiƙai na da tsada, gaskiya ne, amma mai kuɗin gilasai da tayil ba zai ce ba shi da su ba. Kamata ya yi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta ƙi sa hannu a zanen duk wani gida na kusa da kogi sai ya nuna tsayin daben ɗaki daga alamar ambaliya. Wasu filayen kuma ko da ginshiƙan bai kamata a taɓa su ba. A bar wa masu lambun tumatir da alayyafo abinsu.