Abin da Ya Faru a Spintex, Kafin Kawu Ya Ƙara Masa Gishiri

Waɗanda suka san gidanmu a unguwar Nima, nan Akra, sun san cewa tun da aka haifi ƙaramar, Vitz ɗina ta daina ɗaukarmu. Yara huɗu, da mahaifiyarsu, da Hajiya tsohuwa wadda ba ta yarda a bar ta a gida idan za a je Kumasi, ga kulolin abinci ga buhun gari. Mota mai kujera biyar ba ta da yadda za ta yi da wannan jama'a a tafiyar kilomita wajen 250. A sallar da ta wuce, kafin mu kai Nkawkaw babban yaron ya daina jin ƙafarsa, saboda ƙaninsa a kanta yake zaune tun daga Nsawam. Shi ya sa aka yanke shawara, ba tare da an tuntuɓi aljihuna ba, cewa za a sayi jif matsakaiciya mai layin kujeru uku.

Na yi bincikena, kuma ina so wannan ya shiga rubutu saboda abin da ake yaɗawa a unguwa. Na san RAV4 da CR-V, duk da farin jininsu a titunan Akra, galibinsu mutum biyar suke ɗauka, don haka ba su warware mana komai ba. Prado kuwa na hange ta daga nesa na yi mata fatan alheri. Abin da ya rage shi ne irin su Highlander da Pilot da Sorento. Na san kuɗin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Tema yana hawa gwargwadon girman inji, kuma motar da ta haura shekara 10 akwai tara a kanta. Na san inji mai silinda shida, lita 3.5, yana jan kaya a hawa ba gardama, amma a cunkoson Lapaz yana shan mai babu tausayi. Na kuma san da yawa daga cikin motocin da ake kira hom-yus, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari a Amurka da Kanada ake kwaso su, a gyara a yi musu fenti, kuma lambar jikin nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba, idan aka sa ta a intanet, sau da yawa takan fito da hoton motar ranar da aka yi gwanjonta. Mutumin da ya san wannan duka bai cancanci a ce ya je sayen mota da ido rufe ba.

Ban gayyaci Kawu ba. Maman yara ce ta gaya masa, shi kuma ya ga cewa tun da ya yi shekaru yana jan tirela daga Tema zuwa Paga, babu ƙarfen da za a saya a dangi ba tare da ya sa albarka ba. Ranar Juma'a ce, muka taso daga babban masallaci na Kanda muka ɗauko maman yara muka nufi wani filin sayar da motoci a hanyar Spintex. Na sa shuɗiyar babbar rigata ta shadda, wadda kuka sani, domin dillali ya gane ba wasa ya kawo ni ba. Tun a hanya Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Suruki, wannan rigar kaɗai ta ƙara mana kuɗin mota." Na yi shiru saboda girma.

Ba zan faɗi ƙirar motar ba, domin ita ba ta yi laifin komai ba. Baƙa ce, ta 2016, tana sheƙi. Dillalin ɗan zango ne, ya tarbe ni da "Alhaji" tun daga ƙofa, ni kuma ban ga dalilin gyara masa ba. Da ya ce sidi 300,000, sai Kawu ya dafe ƙirji ya ɗaga murya ya ce, "Biliyan uku! Innalillahi!" Tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗin ƙasar nan, amma labarin bai kai wa Kawu ba, ko kuma ya kai masa ya ƙi karɓa, domin har kuɗin koko da ƙosai da tsohon lissafi yake yi. Wasu mutane biyu da matansu da ke duba wata mota a gefe suka juyo suna kallon mai sayen motar biliyan uku, kuma daga wannan lokacin ba su sake kallon tasu motar ba.

Motar ta daɗe a tsaye, batir ya mutu. Dillali ya zare ɗan makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot ya buɗe ƙofar direba, ya miƙa hannu ya buɗe sauran, sannan ya aiki yaronsa ya aro batir a maƙwabta. Kafin yaron ya dawo Kawu ya fara aikinsa. Ya shuri tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya zura yatsa cikin bututun hayaƙi ya shinshina, ya ɗaga kafet ya duba ko akwai busasshen laka ko tsatsa a kusoshin kujera, alamar motar da ambaliya ta taɓa ci. Wannan dubawar ta ƙarshe tana da ma'ana, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan game da Kawu: a cikin maganganunsa goma akan sami ɗaya ta gaskiya, sai ya riƙa hawa kanta yana sayar da sauran taran. Da ya leƙa bai ga kuloci ba, ya ce mota marar kuloci ta mata ce da malalata. Daga nan ya kafa doka cewa mai saye dole ne ya zauna a kowace kujera kafin a yi maganar kuɗi.

Na zauna a gaba, na zauna a tsakiya, duka lafiya. Sai aka zo layi na uku. A irin waɗannan motoci babu ƙofar da ta kai can. Sai an ja wani hannu a jikin kujerar tsakiya, bayanta ya kwanta, ita kuma ta zame gaba a kan layin ƙarfe, mutum ya sunkuya ya ratsa. Kowa ya san yara aka yi wa wurin. Na faɗi haka, maman yara ma ta faɗi haka, amma Kawu ya ce ƙanina yakan bi mu Kumasi, kuma wanda bai ɗanɗana wuri ba ba shi da ikon tura ɗan'uwansa can. Na tattare riga, na cire hula na miƙa wa maman yara, na ratsa na zauna, gwiwoyina suka zo daidai haɓata. Ban gama cewa "to, na gani" ba, Kawu ya sa hannu biyu ya turo kujerar tsakiya baya da ƙarfin mutumin da ya saba rufe ƙofar tirela. Na ji ƙas. Na kuma ji wuyan rigata ya ja ni ƙasa.

Gefen rigar ne, wajen taƙi guda, ya shige cikin layin ƙarfen, ƙafar kujerar ta hau kansa ta kulle. Dillali ya ja hannun, kujera ta ƙi motsi saboda shadda ta cushe hanyarta. Ya zaga ɗaya ɓarin, sai ga shi hannun can a karye yake, ya ce ƙaramin abu ne, akwai shi a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai. Gilasai na lantarki ne, babu batir. Ƙofar but ma ta lantarki ce. Ƙarfe biyu da rabi na rana, cikin baƙar mota, a kan kujerar fata, ga ni a duƙunƙune da wuya a karkace, gumi yana bin bayana yana taruwa inda bai kamata ba.

A nan kowa ya zama injiniya. Dillali ya kawo giris ya ce a shafa wa layin. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya bar motarsa gaba ɗaya ya zo ya leƙo, ya ce da Turanci a jijjiga kujerar, aka jijjiga, rigar ta ƙara shigewa. Kawu ya zaro reza daga aljihu, wadda yake yanke farce da ita, ya ce taƙi ɗaya ba ya hana riga zama riga. Na ce duk wanda ya taɓa mini shadda da reza, ni da shi sai a gaban sarkin zango. Sai dillali ya faɗi abin da nake tsoro tun farko: "Alhaji, ai abu mai sauƙi ne. Ka zame daga cikin rigar kawai, mu ciro ta a hankali."

Na ce ba ya yiwuwa, wurin ya yi ƙunci. Aka ce a gwada. Na ce kafaɗata tana ciwo. Kawu ya ce tun yaushe. Na ce akwai mata a wurin, bai dace ba. Kawu ya ce ai ba tsirara nake ba, ko babu komai a ciki? Na ɗaga ido na ga maman yara tsaye a bakin ƙofa riƙe da hulata, ta ja gefen mayafinta ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Ita ce take wanki, ta san abin da ke ciki.

A lokacin yaƙin neman zaɓen Disamba 2024, wata motar kamfe ta ratsa layinmu ana jefa tishat, guda ta faɗo cikin shagona. Ta jam'iyyar da na shafe watanni ina sukarta a majalisar shayi ce, a gaban Kawu, wanda shi kuma nata ne tun kafin a haife ni. Audugar tana da kyau, tana shan gumi, kuma babu mai ganin abin da ke ƙarƙashin babbar riga. Har gobe ina ganin wannan tattali ne, ba siyasa ba, kuma na san rabin masu dariyar nan suna da irinta a ƙasan akwati.

Zafi ne ya yanke hukunci. Na sunkuyar da kai, na zare hannun dama, na zare na hagu, na sulale daga cikin rigar, sai ga fuskar ɗan takara shimfiɗe a ƙirjina, jiƙe sharkaf, tumbina ya faɗaɗa masa murmushi. Wurin ya yi tsit. Kawu ya sa tabarau, abin da bai yi ba lokacin da yake duba inji, ya leƙo ya karanta taken da ke ƙasan hoton da ƙarfi, kalma bayan kalma, sannan ya juya ga dillali ya ce, "Ashe namu ne. Kunya ce take hana shi faɗa." Daidai nan yaron ya iso da batir a ka, aka haɗa waya, mota ta yi ƙara, ƙofar but ta ɗaga kanta a hankali da ɗan kukanta na gargaɗi. Aka kwantar da rabin kujerar da ke gefena, na rarrafo ta baya, kai a gaba, kamar akuyar da aka sauke daga but ɗin motar haya ta trotro. Takalmina ɗaya ya zauna a ciki. Matar ɗaya daga cikin mutanen nan ta ce mini sannu da Hausa, abin da ya nuna duk abin da aka faɗa ta ji.

Dillali, Allah ya ba shi abin da ya dace da shi, bai ɓata lokaci ba. Ina tsaye da takalmi ɗaya ya ce, "Alhaji, ka ga faɗin but? Babban mutum ya fito ta ciki ba tare da ya bugu ba." Ciniki kuma ya mutu a nan, domin babu wanda zai iya neman ragin sidi 40,000 yana sanye da fuskar wani a ciki.

Game da Kawu, wannan ba shi ne farko ba. Shi ne ranar ɗaurin aurena ya ƙirga goro a gaban mutane ya ce ƙanana ne. Shi ne duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji yadda yake kan hanya a 1974 lokacin da Ghana ta koma tuƙi ta hannun dama, da yadda shi kaɗai ne bai rikice ba a duk faɗin ƙasar. Shi ne ya karɓi cajar wayata a bikin suna ya ce zai dawo da ita bayan la'asar, ƙaramar da aka raɗa wa suna ranar yanzu tana tafiya. Kuma ina da tabbacin ya ga gefen rigar nan a kan layin ƙarfe kafin ya tura kujerar, domin mutumin da ya hango tsatsa a kan kusa ƙarƙashin kafet ba zai kasa ganin taƙi guda na shuɗiyar shadda ba. Maman yara ta ce zato zunubi ne. Na ce ban yi zato ba, lissafi na yi.

Kafin magariba labari ya riga mu isa Nima. A bencin bakin masallaci an ce na yi awa uku a ciki, an ce an kira 'yan kwana-kwana, an ce na yi kuka ina kiran sunan Hajiya. Babu ko ɗaya da ya faru. A majalisar shayi yanzu idan na buɗe baki kan farashin mai ko darajar sidi, sai wani ya ce in ɗaga riga tukuna a ga da bakin wa nake magana. Wani yaro ma ya zo shago ya tambaye ni ko ina da sauran tishat ɗin, babansa yana so.

Rigar ta fito, da layin baƙin giris a gefenta. Mai wanki ya gwada ya dawo da ita, tela kuma ya ce sai dai a faɗaɗa aikin zare ya rufe wurin, kuma kuɗin da ya faɗa ya kusa na taya guda. Dillalin yana ta turo mini hotuna ta WhatsApp. Akwai wata Sorento a wajen Achimota da za mu je gani ranar Asabar, mai silinda huɗu, an ce hannayen kujerunta duka suna aiki. Maman yara ta riga ta gaya wa Kawu. Ya ce in zo in ɗauke shi da ƙarfe goma, na ce to, amma mai motar ya ce shi tun ƙarfe takwas yake buɗewa.