Kwaɗon da Alhaji Zai Yi Odarsa

Teburin mai shayi ne a bakin Ƙofar Nassarawa, bayan sallar isha'i. Alhaji Bakano na kurɓar shayi mai kauri, Baffa Ɗan Fulani ya jingine sandarsa yana jiran biredi, sai ga Ɗan Boko daga BUK, ido a kan waya kamar kullum.

ƊAN BOKO: Alhaji, leƙo nan ka ga ikon Allah.

ALHAJI: Me zan gani? Kwabon Turawa ne da ƙuda a kai.

ƊAN BOKO: Kwaɗo ne, kuma baligi, ya gama girmansa ke nan. Tsawonsa milimita 7.7, da kyar ya kai ƙwayar wake.

BAFFA: Aradu yunwa ce ta tsotse shi. A kawo shi ruga ya sha nono wata guda, ka ga burduddugi.

ALHAJI: Bari, Baffa. Yaro, a ina ake saro shi?

ƊAN BOKO: Ba saro shi ake ba. A dajin Papuwa Niyu Gini yake.

ALHAJI: Gini? Ai ina da yaro a Konakiri, yanzu in buga masa.

ƊAN BOKO: Ba waccan ba, Alhaji. Wannan tsibiri ne can arewa da Ostireliya. Kusa da wani ƙauye mai suna Amau aka gano shi a 2009, aka sanar wa duniya a 2012. Masu binciken daga Amurka suka je.

BAFFA: Tun daga Amurka? Saboda wannan? Ba su da shanu ne?

Babu wanda ya amsa wa Baffa, ko da yake tambayar ba ta banza ba ce.

ALHAJI: Ni dai kwantena ɗaya zan fara da ita. In zuba su a kududdufin bayan gidana su hayayyafa.

ƊAN BOKO: Ai ba ya zaman ruwa. Cikin ruɓaɓɓun ganyen da suka zube a ƙasan daji yake rayuwa, inda laima ba ta yankewa. Ko 'ya'yansa ba sa yin wannan iyo da jela irin na kwaɗinmu. Daga ƙwai sai ɗan kwaɗo sak, da ƙafafunsa huɗu.

ALHAJI: Madalla, an rage mini kuɗin ruwa. Kwalba zan sa shi a shagona na Kantin Kwari, kallo naira ɗari biyu.

ƊAN BOKO: A Kano? Fatarsa ba ta riƙe ruwa, ga jikin ba auki. Iskar hunturu ta buso sau ɗaya, kafin ka buɗe shago ya bushe ƙayau.

ALHAJI: Sai a shafa masa basilin.

MAI SHAYI: Alhaji, kai da ko 'ya'yanka sai an yi rigima kake sayo musu.

ALHAJI: Kai, zuba shayinka! Yaro, me yake ci? Kada in ɗauko abin da zai cinye jarin.

ƊAN BOKO: 'Yan mitsi-mitsin ƙwarin cikin ganye, waɗanda manyan kwaɗi ba sa ko kallo. Amma fa Alhaji, kama shi ne aiki. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, ya saje da ganyen, kuma tsalle ɗaya yakan ninka tsawon jikinsa sau 30. Su kansu masu binciken sun sha wuya. Suna jin kuka siriri daga ƙasa, sun ɗauka gyare ne, don kuwa haka muryarsa take. Da suka gaji da laluben banza, sai suka kwashi ganyen gaba ɗaya suka zuba a leda, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya har abin ya yi tsalle.

BAFFA: Manya da gemu, suna tsintar ganye. Da ni ne aka gani, sai a ce ƙauyanci.

ƊAN BOKO: Kuma a 2024 masana sun ce akwai wani a Birazil da ya ɗan fi shi ƙanƙanta.

ALHAJI: Ka ji ko! Ban ma yi oda ba har an fito da sabon yayi.

Alhaji ya yi shiru yana juya cokali. Duk wanda ya san Bakano ya san wannan shirun ba na haƙura ba ne.

ALHAJI: Yaro, maimaita mini. Ba a ganinsa?

ƊAN BOKO: Da wuya.

ALHAJI: Cikin ganye yake?

ƊAN BOKO: Ƙwarai.

ALHAJI: Kukansa na gyare?

ƊAN BOKO: Sak.

ALHAJI: To me zai kai ni Ostireliya? Ga ganyen mangwaro a gidana har ya ishi mai shara, ga gyare yana hana ni barci. Leda ɗaya, gyare ɗaya, dubu biyar. Wanda ya ce bai ga kwaɗo ba, in ce Baturen ma sai da ya wahala.

ƊAN BOKO: Alhaji, wannan ai damfara ce!

BAFFA: A'a, ciniki ne. Alhaji, ajiye mini leda biyu. Zan biya ka da saniya.

ALHAJI: Saniya? Tana ina?

BAFFA: Tana cikin ciyawa, can dajin Falgore. Ba a ganinta, amma in ka kasa kunne za ka ji kukanta.