Alhaji Zai Sayi Kare

(Bayan la'asar, a majalisar ƙofar gidan Alhaji Bakano. Bazazzage na latsa waya, Malam na jan carbi. Jauro, mai kiwon shanun Alhaji, ya zo karɓar kuɗin dusa tun azahar, har yanzu ba a sallame shi ba.)

BAKANO: Jama'a ku taimake ni da shawara, gidana ya rikice. Tun da Hajiya ta kai yara hutu Abuja suka ga wani ɗan kare mai gashi buzu-buzu a gidan ƙanwarta, ban sake shan koko cikin kwanciyar hankali ba. Kullum maganar ke nan, Baba kare, Baba kare.

BAZAZZAGE: Ai ka faɗo hannun masana, Alhaji. Na fi shekara goma a Samaru, katangarmu ɗaya da wani malamin tsangayar likitan dabbobi ta ABU.

BAKANO: Ashe ilimi ƙyanda ne, a maƙwabta ake ɗauka.

BAZAZZAGE: Ku Kanawa ai sai da rasit kuke gane abu. Faɗa min, yaran shekarunsu nawa?

BAKANO: Shida, huɗu, sai auta mai biyu. Kuma tun yanzu in gaya maka, wanda ya fi kowane ƙanƙanta nake so. Ƙaramin ciki, ƙaramin cefane.

BAZAZZAGE: To ga shi nan, duba. Chihuahua. Sunan wata jiha ce a Meziko aka sa masa. Ko ya tsufa da ƙyar yake kai kilo uku.

JAURO: (ya leƙo) Aradu wannan gafiya ce. An dai yi mata wanka.

BAKANO: Shi nake so. Ƙanzo ɗaya zai kai shi Juma'a.

BAZAZZAGE: Shi ne kuwa ba za ka saya ba. Mutane nan suke yin kuskure, sai su ɗauka ƙanƙanta ita ce haƙuri. Ƙashin wannan siriri ne, in autarka ta sunkuce shi ta saki daga kan kujera, ƙafa ta karye. Shi ma ya san haka, shi ya sa da yaro ya matse shi sai ya kai cizo. Mai yara ƙanana kare yake nema mai ɗan jiki, wanda za a ja wa kunne ya tashi ya bar wurin, ba ya tsaya ramawa ba.

BAKANO: To wuce. Wannan kuma wa ya buga masa ƙofa a fuska?

BAZAZZAGE: Haka Allah Ya yi shi. Pug ke nan, asalinsa China. Wajen son yara ba ka da matsala da shi, yini zai yi suna birgima tare. Sai dai hancin nan da ka gani a lotse shi ne cikas. Kare ba ya yin gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, shi kuwa wannan hanyar numfashinsa a matse take. Ka ajiye shi a Kano cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, in babu na'urar sanyaya ɗaki sai dai ka haƙa rami.

BAKANO: Ni ina tsakar gida a kan tabarma ina fifita da kwali, kare yana ɗaki yana shan AC? Da kuɗin mita na?

BAZAZZAGE: Kuma yana munshari.

BAKANO: Muna da mai yi a gidan, ba ma neman ƙari.

MALAM: Wane ne?

BAKANO: Allah gafarta Malam, a bar kaza cikin gashinta.

BAZAZZAGE: Wanda yaranka suka gano a Abuja kuwa, ko ban gani ba na san Lhasa ne, shi ya cika gidajen can. Daga Tibet ya fito, a gidajen ibadarsu yake zama, in baƙo ya doso ya sanar. Har yau halin na nan: ba ya sakin jiki da wanda bai sani ba, kuma ba ya son wasan ja-in-ja. Ga gashi har ƙasa. In ba a taje shi kusan kullum sai ya cukurkuɗe, kaska ta samu gidan haya. Lokaci-lokaci kuma a kai shi aski.

BAKANO: Kare da wanzami! Ni kaina sai Sallah ta matso nake zuwa.

BAZAZZAGE: To ga ɗan sarauta. Cavalier King Charles, sunan Sarki Charles na biyu na Ingila ya ci, don shi ba ya rabuwa da irinsu. In haƙuri kake nema, ga shi. Illarsa ɗaya: yawancinsu in shekaru suka ɗan ja sai ciwon zuciya ya kama su.

BAKANO: Ina fama da hawan jini, a ƙaro min mai ciwon zuciya? Mu riƙa haɗuwa a layin ganin likita, ana tambayar wa ya riga zuwa?

JAURO: Alhaji, in tambaya. Duk waɗannan, wane aiki suke yi?

BAZAZZAGE: Ɗebe kewa.

JAURO: Su ci, su kwanta, a taje su, a kunna musu sanyi? Aradu wannan ba kare ba ne, amarya ce. Mu namu na ruga ya kwana yana zagaya garke, da safe a zuba masa tsari ya gode. Ka je wajen Buzaye ka ga kare, dogo, ciki a ɗame, yana kamo barewa.

BAZAZZAGE: Gaskiyarka, Jauro. Azawak ke nan, sunan yankin nan na tsakanin Mali da Nijar. Turawa ma har can ƙasashensu suke kiwonsa. Amma shi gudu yake so a fili, tsakar gidan Alhaji kuwa taku goma ce ka ci karo da randa. Ga dai mai aiki irin wanda kake so: Beagle. Maharban Ingila suka raine shi don farautar zomo. Kilo goma ko ɗan sama da haka, jiki a murɗe, gashi gajere, ga son mutane. A filayen jirgin saman Amurka ma su ake sawa suna shinshina jakunkuna, suna tono nama da kayan marmarin da aka hana shiga da su.

BAKANO: Au! Ashe shi ne ya tona wa ƙanina asiri, aka ƙwace masa kilishi har da daddawa!

BAZAZZAGE: Aikinsa ya yi. Amma ka sani, akwai shi da ci, akwai shi da kuka mai ƙarfi, kuma in hancinsa ya kama wani ƙamshi ka bar ƙofa a buɗe, sai dai ka bi shi Kurmi. Duk abin da aka ɓoye a gida zai tono.

BAKANO: Har tsiren da mutum ya shigo da shi a aljihu bayan yara sun yi barci?

BAZAZZAGE: Da shi zai fara.

BAKANO: Hm. Nawa yake?

BAZAZZAGE: Ka ƙiyasta ragon layya mai kyau. Sai kuɗin allura. Wannan kuma ba wasa a ciki, Alhaji: yana cika wata uku a yi masa rigakafin ciwon hauka, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. A Vom ta Jihar Filato ma ana yin allurar. In kuwa kare ya ciji yaro, ko naka ko na titi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar. In aka bari alamun ciwon suka fito, ba a tashi.

JAURO: Mu toka muke shafawa.

BAZAZZAGE: To ku daina. Kuma duk haƙurin kare, ba a barin sa da 'yar shekara biyu su kaɗai, ba a taɓa shi yana ci, ba a taɓa shi yana barci.

BAKANO: Ni ma dokokin da na kafa wa kaina ke nan, ba wanda ya bi.

MALAM: Kun gama? To ni ma in sa baki. Da farko, kuɗin kare kansa akwai hani a kai.

BAKANO: Allahu Akbar! Kun ji ko? Malam ya ce kada a biya.

MALAM: Ban ce ka ɗauko ka hana mai shi kuɗinsa ba. Na biyu, abin da aka yi rangwame a kai uku ne: karen farauta, karen kiwo, karen gona. Malamai da dama sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Wanda ya ajiye don ado kawai, kullum ana rage masa ƙiraɗi daga ladansa. Kuma wurinsa waje, ba cikin ɗaki ba.

BAKANO: Ƙiraɗin nan, nawa ne a naira?

MALAM: Lada na ce, Alhaji.

BAKANO: Kullum ana cira, ba a sakawa? Wannan ai faɗuwa ce, ko a Kwari ba a irin wannan ciniki. To a rubuta shi a gadi.

MALAM: Wanda Bazazzage ya ce yana son kowa? Ɓarawo zai raka har ɗakinka.

BAKANO: To kiwo. Malam, in akwai akuya a gidan, kare yana kallonta, ai ya zama makiyayi ko?

MALAM: Wannan dabara ce irin ta 'yan kasuwa.

JAURO: Aradu ina da akuya. Amma ɗaya ba ta zama, kuka za ta yi ta yi har asuba. Sai biyu.

BAKANO: Tsugune ba ta ƙare ba! To riƙe wannan kafin alƙalami, ka kawo su gobe. Kuɗin dusa kuma sai wani satin.

(Yaro ya fito daga cikin gida.)

YARO: Baba, Hajiya ta ce in za ka sayo karen, ka haɗo da zomo guda biyu. Su Auta sun gani a gidan maƙwabta.

BAZAZZAGE: Kai! Beagle da zomo a gida ɗaya? Ai kafin magariba an gama.

BAKANO: Malam, ka ji da kunnenka. Farauta ta samu! Jauro, dawo min da kuɗina, na fasa akuya.

JAURO: (yana saɓa sanda) Wace akuya? Wannan kuɗin dusa ne, Alhaji. Saura rabi.