Gudummawar da ya kamata mu bayar kafin gobara ta tashi

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna zangunan Kumasi. Wasu matasa a Aboabo sun fara zagayawa da takardar neman gudummawa domin a riƙa koya wa yaran makarantun allo da na Islamiyya yadda ake kauce wa gobara da abin da ake yi idan ta tashi. Na saurari abin da ake faɗa a kansu a majalisu: wani ya ce gobara ƙaddara ce, wani ya ce aikin gwamnati ne, wani kuma ya ce kuɗin ne yaran nan suke so su ci. Ni ina goyon bayansu, amma da sharaɗi.

Mu ba marowata ba ne, kowa ya shaida. Lokacin da wuta ta tashi a kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023, da lokacin da ta lashe kasuwar Kantamanto a Accra a farkon Janairun 2025, da lokacin da wata ta cinye shagunan Adum a nan Kumasi a watan Maris na shekarar, an yi jaje, an tura kuɗi ta waya, an yi yekuwa a masallatai. Sai dai duk wannan alheri bayan ɓarna yake zuwa. Hannunmu yana saurin shiga aljihu idan mun ga toka, amma idan aka ce a ba da sidi goma domin kada tokar ta samu, sai kowa ya fara tambaye-tambaye.

Dalilin da ya sa aka zaɓi yara a bayyane yake ga duk wanda ya san gidajenmu na haya. Uwa ta fita kasuwa tun bayan asuba, uba ya tafi tasha, wadda ta rage a gida ita ce yarinya 'yar shekara goma da ƙannenta. Ita za ta janyo ƙaramar tukunyar gas mai murhu a kanta zuwa baranda, ta ajiye ta tsakanin bokitin roba da labulen ƙofa, ta ƙyasta ashana ta ɗora abinci. Kunnawa ta iya, domin ta ga ana yi. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne, idan ta ji warin gas kada ta ƙyasta ashana kuma kada ta taɓa makunnin lantarki, ta rufe kan tukunyar, ta buɗe ƙofa da taga, ta fitar da ƙannenta, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya yana jiran tartsatsi ɗaya. Ba a gaya mata cewa idan man suya ya kama wuta ba a watsa masa ruwa ba. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin man, nan take ya zama tururi, ya watso man da wutarsa a fuskar wanda ya zuba. Abin yi shi ne a kashe murhu a rufe kaskon da murfi. Manya da yawa ma ba su san wannan ba, har da masu suyar ƙosai da suka tsufa a sana'ar.

Haka batun hayaƙi, wanda ya fi harshen wuta kashe mutane a gobarar gida. Yaro idan ya firgita ƙarƙashin gado yake shigewa ko bayan ƙofa, inda mai ceto ba zai gan shi ba. Dole a koya masa ya yi rarrafe ya fita, tun da hayaƙi sama yake tashi, kuma idan rigarsa ta kama kada ya ruga da gudu, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna kuwa ruwan famfo mai sanyi ake zuba mata na kimanin minti 20 kafin a nufi asibiti. Man goge haƙori da ɗanyen ƙwai da manja da muke shafawa ƙara wa ma'aikatan jinya aiki kawai suke yi. Wannan ilimi ba a riƙe shi da wa'azi. Sai yaro ya yi rarrafen da gwiwarsa a tsakar makaranta, abokansa suna yi masa dariya, sannan zai zauna masa.

Masu cewa ƙaddara ce, ba na musu da su a kan ƙaddara. Amma ya zo a Buhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina da mutanensa a ciki, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Darasin kariya daga gobara ke nan, daga bakin da babu ja. Wanda ya manna kyandir a kan kujerar roba ranar da aka ɗauke wuta, ko ya kunna maganin sauro a gefen katifa ya yi barci, umarni ya saɓa.

Masu cewa aikin gwamnati ne suna da rabin gaskiya. Hukumar kashe gobara ta ƙasa tana nan tun 1963, jami'anta kuma suna shiga makarantu da kasuwanni suna wayar da kai. To amma ku dubi lungunan Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ku gaya mini ta ina motar kwana-kwana za ta kutsa. Kafin a ja tiyo ya kai ɗakin da ke ci, mintunan farko sun wuce, kuma waɗannan mintuna a hannun wanda ke gida suke. Yaron da ya haddace lambar kiran gaggawa, 192 ko 112, ya iya kwatancen gidansu, ya kuma san ba a kiran lambar don wasa, ya rage wa jami'an rabin wahala. Makarantunmu na Asabar da Lahadi su ne inda za a same shi, da harshen da yake mafarki da shi.

Saura masu zargin cin kuɗi, kuma a nan sharaɗina yake, domin mun sha ganin an tara kuɗi da sunan al'umma an ƙare a rumfa da riguna masu tambari da abincin manyan baƙi. Ya ku ƙannena masu wannan aiki, kada ku yi bikin ƙaddamarwa. Ku sa kuɗin a tukwanen kashe wuta da bargunan rufe wuta na makarantu, da kuɗin motar jami'an da za su zo koyarwa, da horar da malamai maza da mata, da takardun mannawa a bango cikin boko da ajami. Asusun kada ya kasance a wayar mutum ɗaya. A sa liman da wata dattijuwa daga cikin iyaye mata su sa ido, kuma a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a masallaci bayan Juma'a, ko da ba a tambaya ba.

Ina roƙon sarakunan zango da limamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, su sa baki a fara kafin hunturu ya shigo a watan Disamba. Ranar darasin farko kuma a gayyato iyaye su zauna a baya, domin akwai maganar da ba ta yara ba ce: masu kulle yara a ɗaki da kwaɗo su tafi kasuwa, alhali tagar ɗakin an yi mata ƙarafa saboda ɓarayi. Yaron da aka kulle haka, ko ya iya rarrafe ba shi da ƙofar fita.