Yadda Tela ya sa na aika surukina neman carbi

Tunda Tela ya riga ya baza labarin daga Jekadafari har Bolari, kuma ya zuba masa gishirin da ya fi ƙarfin miyar, gara ku ji daga bakina.

Kun san dai a majalisarmu ni ake miƙo wa waya. Wanda aka turo wa saƙo wai za a rufe masa BVN kafin magariba, wajena. Wanda aka kira wai sunansa ya fito a tallafin dubu 25, ya karanto lambobi 16 na fuskar katinsa da ukun nan na baya, wajena. Karatun nawa guda ne, har mai shayi ya haddace: banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa, lambobin da ake turo maka a saƙo ba a karanta wa kowa ko da limamin unguwa ne, in kuma baƙuwar lamba ta kira tana azalzalarka, kashe wayar ka nemi mutumin ta lambar da ka sani. Ba wanda ya taɓa bin wannan ya yi kuka.

To ranar Talata bayan la'asar muna zaune, sai ga kira da lambar da ban sani ba. Muryar yaro, ga hayaniya a bayansa.

"Salamu alaikum oga, mai POS ne daga Tudun Hatsi. An yi kuskure an tura maka dubu 85. Don Allah ka dawo da su yanzu-yanzu, mai kuɗin yana tsaye a kaina."

Jama'a, wannan ai tsohon yayi ne. Su turo maka saƙo mai kama da alat na banki, har da sunanka da ragowar kuɗi na ƙarya, sannan su kira suna marairaicewa. Kai kuma tausayi ya kama ka, ka tura musu kuɗinka na gaske, sai ka duba asusu ka ga ba abin da ya shigo. Shi wannan ma ko alat ɗin bai wahalar da kansa ya turo ba. Na buɗe manhajar banki, abin nan yana ta juyawa, sabis ya ƙi. Yatsana ya kama hanyar jan maɓalli ke nan, kamar yadda nake koya wa mutane, sai Tela ya cafke mini wuyan hannu.

"Haba Malam, za ka kashe mana nishaɗi? Sa shi a sifika yara su ɗauki darasi."

Bari in tsaya a kan Tela tukuna, don duk wanda zai yi mini dariya ya san wanda ya jawo abin. Wannan bawan Allah shi ne aka kira ƙarfe biyun dare, da irin muryar nan da ake cusa kai cikin bokiti a yi ta, aka ce sarkin aljanu ne. Wai an duba duk Gombe ba a sami mai tsarkin zuciya irinsa ba, an ware masa tukunyar zinariya, sharaɗi kawai kada ya faɗa wa kowa, ko matarsa, in ya faɗa zai haukace. Mutumin da ke riƙe da yadin mutane tun babbar sallah yana cewa gobe, shi ne mai tsarkin zuciyar. Ya yi ta kankare katin waya yana karanta wa aljani, daga baya aka ce a kawo kuɗin ragon sadaka, ya tura. Sai da aljani ya nemi kuɗin mota daga bayan dutsen Ƙaf sannan jikinsa ya ba shi, ya zo ya same ni da asuba yana raɗa, wai kada su ji. Aljanin da ba ya iya sayen kati da kansa.

Bai daddara ba. Aka sake kiran sa wai ƙungiyar teloli za ta yi taro ta intanet, an turo masa lambobi 6 na shiga, ya karanto. Ya karanto. Lambobin WhatsApp ɗinsa ne. Kafin isha'i duk wanda ke cikin wayarsa ya sami saƙo daga Tela yana neman rancen dubu 20 zuwa gobe, kuma da yake kowa ya san gobensa, mutum ɗaya ce ta tura, goggonsa. Ni na zauna na ƙwato masa layin, na sa masa makullin nan na biyu, wato lambar sirri ta WhatsApp, na rubuta masa lambar a bayan littafin awo don kada ya manta. Ko ɗinkin aljihu bai taɓa yi mini kyauta ba.

Wannan mutumin ne ya ce in sa a sifika. Na sa, na ajiye wayar a kan benci tsakanin kofunan shayi.

Na gyara murya na ce, "Ɗan samari, ka ce dubu nawa? Ka ƙara mana, ai 85 ta yi kaɗan. Ka san EFCC na da ofishi a garin nan? In turo maka kwatance ko ka san hanya?"

Majalisa ta ɗauka. Ciyaman har da buga cinya. Yaro yana ta wallahi tallahi, can ya ce, "Oga ga mai kuɗin, ku yi magana."

Sai wata murya ta dattijo, a dishe, mura ta toshe ta.

"Assalamu alaikum. Kai ne?"

"Ni ne wa?"

"Baffanku ne."

Nan fa aka kwashe da dariya, don a makon nan na gama ba su labarin masu kira su ce kawunka ne, ko ɗanka ya yi hatsari a hanyar Kumo a turo kuɗin jini. Kuma ku yi mini adalci. Lambar Baffan maman yara tana cikin wayata, da sunansa, har da Alhaji a gaba. Ba wanda ya gaya mini an rufe layin tun 2024 saboda rashin haɗa shi da NIN, ya ƙi zuwa bin layi, ya koma aron wayar mutane. Sannan kun san Fulanin Dukku da surukai. Tun da na auri 'yarsu ban taɓa jin jimla uku a jere daga bakinsa ba. Gaisuwa ce, kansa a sunkuye nawa a sunkuye, "lafiya, lafiya, madalla", a tashi. Ta ina zan san muryarsa, balle da mura?

Na ce, "Baffa? Wane Baffan? Ni baffannina uku ne, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuma ba ya ji." Aka yi dariya. Da na ji kasuwa ta karɓa sai na ƙara. "Tsoho, ka ji tsoron Allah. Da furfurarka da komai kana bin yara kuna damfarar bayin Allah? Nawa yaron yake ba ka a kowane kira? Shekarunka ai na istigfari ne. Ka je ka nemi carbi ka zauna a masallaci."

Har na kwaikwayi muryarsa. Wannan ne ke tashe ni da dare. Na toshe hanci da yatsu biyu na ce "Baffanku ne", sau biyu, na biyun har da tari. Wani yaro ɗan makaranta da ya zo sayen burodi ya tsaya yana riƙe ciki.

Shiru a wayar, sai ƙarar ana sauke buhuna. Tela ya matso yana share hawaye ya ce, "Tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani! Ai kai ka koya mana!"

Gaskiya ne, ni na koya musu, kuma dabara ce mai kyau, ɗan damfara ba ya tsallake ta. Amma ban taɓa cewa a yi ta a sifika gaban mutum goma sha ba. Na ce, "To tsoho, in kai Baffa ne, faɗi abu ɗaya da ni da kai kaɗai muka sani."

Ya yi gyaran murya. Bai ɗaga harshe ba, a hankali yake magana, kamar mai ƙirga shanu da yamma.

"To. Akwai gero buhu biyu da ka karɓa bara da damina, ka ce in an yi albashi. Ban san ko har yanzu ba a yi ba."

Dariya ta tsaya cak.

"Akwai babbar rigar da ka sa ranar ɗaurin aure. An gaya mana ta aro ce tun kafin ku sauka daga mota. Ba mu ce komai ba, muka ba ka yarinya."

Na ji cokalin mai shayi ya daina motsi a kofi.

"Akwai ranar da ka zo gaisuwa, karsana ta taso maka, ka haye rumbu. Da yara suka zo ka ce jinkar kake dubawa. Ya isa, ko in ƙara?"

Daidai nan, Allah shaida, wayar ta yi ƙara a kan benci. Alat. Na gaske, daga banki, dubu 85 cif. Sabis ɗin da ya ƙi zuwa tun ɗazu sai yanzu ya ga damar zuwa, don ya zama shaida.

Ban san lokacin da na sauka daga benci ba. Na tsinci kaina a tsugune gaban waya, takalmi a gefe, wai ni mai ladabi. "Allah ya ƙara girma Baffa. Ina wuni Baffa. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya shanu?" Shanu! Duk abin tambaya a duniya sai shanu. Ina ta laluben inda ake kashe sifika, yatsa na rawa, na danna wani abu ya ƙara sauti. Shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, "lafiya, lafiya, madalla", kamar ba abin da ya faru. Sai Tela ya leƙo ta saman kaina ya ce da ƙarfi, "Baffa a ƙara mana bayani kan karsanar!"

Kuma rigar nan, ku tambayi Tela ta wace ce. Ta wani Alhaji ce da ya kawo masa gyaran wuya, Tela ya ba ni haya, haya fa, ba aro ba, na biya. Mutum biyu ne suka san zancen, ni da shi. Yanzu ku gaya mini yadda labari ya riga motarmu isa Dukku.

Ashe wake Baffa ya kawo kasuwa, ya sayar, ya ce a tura wa ɗansa da ke karatu a jami'ar Kashere kuɗin makaranta. Takarda ɗaya ce a aljihunsa mai lambobin asusu biyu, nawa da na yaron, kuma yaron takwarana ne. Mai POS ya karanto sunan farko, Baffa ya ce shi ne, aka danna. Sai da yaron ya ce bai ga komai ba aka duba rasit.

Duk da haka sai da na kira maman yara don in tabbatar, ka'ida ai ka'ida ce. Ban gama sallama ba ta ce, "Malam, kai ne ka ce wa Baffa ya nemi carbi?" Ko minti goma ba a yi ba. Wai mai POS ne ya ba wata 'yar garinsu mai sayar da nono labari, ita ta kira Inna, Inna ta kira ta. A nan sabis bai ba kowa matsala ba.

Na tari Keke zuwa Tudun Hatsi, don irin wannan ba a gyara ta a waya. Na same shi zaune kan buhu a inuwar wani shago, rawani ya sha ƙura, sandarsa a jingine, ledar maganin mura a gefe. Na tsuguna tun daga nesa. Bai dube ni ba. Hannu kawai ya sa a aljihun gaba, ya zaro wani carbi baƙi da ya sha hannu har yana ƙyalli, ya ɗaga shi daidai fuskata, ya ɗan girgiza.

"Ga shi. Ina da shi."

Ya mayar aljihu. Na fara jero ban haƙuri, ya ce ba komai, gara mai tsoro da mai sakaci, a tura wa yaro kuɗinsa kawai. Na ce geron fa, Baffa, wallahi wannan watan. Ya ce ai bai tambaya ba, ni na ce ya faɗi abin da muka sani. Mai POS kuma, yaron da na yi wa barazana da EFCC, ya tsaya ƙerere ya ce kuɗin cajin turawa na biyu wa zai biya. Na biya. Ya ce ba shi da canji.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu, Tela ya lalata mini makami. Gero, riga, rumbu, duk Gombe ta sani. Gobe kowane ɗan damfara zai iya toshe hanci ya kira ni ya ce Baffa ne, ya jero su ukun nan daidai, ni kuma in tsuguna. Na ce wa maman yara mu sa wata kalma tsakaninmu da mutanen gida wadda ba wanda ya sani, ta ce a sa "karsana".

Shekaranjiya Ciyaman ya miƙo mini waya, an turo masa wai ya ci mota a gasar da bai shiga ba, ya tura kuɗin fito da ita. Na buɗe baki zan yi bayani, sai wani daga baya ya ce a bi a hankali, kada a je Baffa ne. Na miƙa masa wayarsa na ce ya tura.

Bai tura ba dai. Yadina kuma yana wajen Tela har yau, ya ce gobe. Akwai biki a Dukku ƙarshen wata, maman yara ta ce dole da ni, ina nan ina duba ko wajen aiki za su sa mana wani taro a ranar.