Ba aljani ba ne, sunansa ɗan kunya

Tun jiya nake ƙoƙarin kau da kai daga bidiyon nan da ake ta turawa, amma na kasa, musamman bayan na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa. Samari sun yi wa wata dabba da ta dunƙule kanta ƙawanya, wannan yana zungurarta da sanda, wancan yana shurinta, mai ɗaukar hoton kuma yana ihu wai aljani ne ya fito da rana tsaka. Ba aljani ba ne, ba kuma asiri aka turo wa kowa ba. Dabba ce da kakanninmu suka sani har suka raɗa mata suna ɗan kunya, domin da zarar ta ji motsi sai ta cusa kanta a cikinta ta naɗe kamar gammo. Mu ne muka manta sunan, kuma abin da muka manta sunansa shi muke fara ɗaga wa sanda.

Ɗan kunya ba shi da haƙori ko ɗaya a bakinsa, ba shi da dafi, ba ya kai wa mutum hari. Abincinsa gara ne da tururuwa, yana tone suri da faratansa ya zura dogon harshensa mai danƙo ya lashe su. Wato garar da ke cinye azarar ɗakinka da jinkar rumbunka ita ce yake rage maka cikin dare kana barci. Uwar takan haifi ɗa ɗaya ne a mafi yawan lokuta, ta riƙa goya shi a gindin wutsiyarta, shi ya sa duk wadda aka kashe ba a saurin mayar da gurbinta. Wannan naɗewar da yake yi tana kare shi daga zaki da damisa, domin haƙoransu ba sa huda sulken da ke bayansa, amma ita ce ke ba da shi a hannun ɗan'adam, wanda zai sunkuya kawai ya ɗauke shi ya jefa a buhu.

Na san abin da za a ce, an ma riga an rubuta mini shi: mutane suna fama da yunwa da rashin tsaro, kai kana kukan dabba. Ban ga yadda dukan ɗan kunya ya sauke farashin masara ba, ban kuma ga wanda ya ƙoshi da shi ba. Wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci bai kamata ya nemi wani ƙarin bayani a wurina ba. Wasu kuma sun ce ai ba su taɓa ganin irinta ba, tsoro ne ya kama su. Rashin sani ba hujjar kisa ba ce. Wanda ya ji tsoro gudu yake yi, ba ya tsayawa yana dariya da waya a hannu.

Wannan halin ba namu ne kaɗai ba. A tsibirin Madagaska akwai wata dabbar dare da ake kira aye-aye, mai manyan idanu da siririn yatsa dogo wanda take ƙwanƙwasa itace da shi don ta gano tsutsar da ke ciki, kuma a wasu ƙauyuka ana kashe ta da an gan ta saboda camfin cewa tana kawo mutuwa. Idan aka nuna mana hotonta sai mu ce Allah mai iko, mu yi mamaki, mu tura wa abokai. Haka muke yi da okapi na dazuzzukan Kwango, mai zane a ƙafafu kamar jakin dawa alhali ɗan'uwan raƙumin dawa ne. Abin mamakin da ke nesa muna yi masa tasbihi, wanda ya shigo bayan gidanmu kuma mun ce aljani ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yayin da muke cewa ba mu san dabbar ba, wasu sun san ta sarai, sun kuma san kuɗinta. Nau'o'inta takwas ne aka daɗe da sani, huɗu a Afirka huɗu a Asiya, kuma a taron da aka yi a Johannesburg a 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikin dukkansu tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk da haka, a watan Afrilun 2019 hukumomin Singafo sun kama fiye da tan 25 na ɓawon ɗan kunya cikin mako guda, a kwantenoni biyu da suka taso daga Najeriya za su Biyetnam, ɗaya ma an rubuta cewa daskararren naman shanu ne a ciki. Dubban dabbobi ke nan aka kashe, wasu a dazuzzukanmu, da yawa kuma daga Kamaru da ƙasashen tsakiyar Afirka, aka bi da su ta tashoshin jiragen ruwanmu. Ɓawon da ake wannan ɓarna dominsa, don a haɗa maganin gargajiya a Asiya, sinadarinsa ɗaya ne da na farcen da muke yankewa mu zubar. Sunan ƙasarmu ne yake fitowa a irin waɗannan labarai, mu kuma ko sunan dabbar ba mu riƙe ba.

Ina tuna raƙuman dawan Kure da ke kusa da Yamai a Nijar, waɗanda ba su kai 50 ba a 1996, kuma su ne kaɗai suka rage na irinsu a duk Afirka ta Yamma. Manoman yankin sun haƙura da ɓarnar da suke yi musu a gonakin wake, aka hana farautarsu, yau sun haura 600, har mutane suka riƙa tasowa daga wasu ƙasashe don kallonsu. Ina roƙon duk wanda ya san garin da aka ɗauki bidiyon nan ya sanar da ni ko dabbar tana da rai, domin idan tana da shi ma'aikatan gandun daji za su iya karɓarta su mayar da ita daji.