Memorin terabait ɗaya a sefa dubu takwas

Steam Deck ɗina, wato 'yar na'urar wasannin kwamfuta da ake riƙewa a hannu, ta hannu ce, ƙanin matata ya taho mini da ita daga Duwala, irin ta farkon nan da kamfanin Valve ya fitar a 2022, mai gigabait 64 kacal a ciki. Wasa biyu na zuba mata ta ce ta ƙoshi. Sai na nufi kasuwa a nan Garwa neman memori.

Wani mai tebur ya miƙo mini ɗaya cikin kwali mai sheƙi. "Alhaji, terabait ɗaya ne cur, dubu goma sha biyar." Na taya dubu takwas, ya sallama tun ban rufe baki ba. Na taho gida har ina tausayinsa, wai na kwari bawan Allah.

Na tura memorin a ramin da ke ƙasan na'urar, na danna fomat. Ita Deck sai ta gwada kati kafin ta mayar da shi ext4, tsarin ajiyar fayil na Linux, babbar manhajar da take aiki da ita, kuma a wurin gwajin nan ta tuɓure, ta ce ba ta yarda da shi ba. Na zage ta tas. Na sa katin a kwamfuta mai Windows, ya nuna kusan terabait ɗaya, na ce to ga shaida, Deck ce mai iyayi. Don in huce haushi na kwashe bidiyon bikin ƙanwata na zuba a kai, fiye da gigabait hamsin, na goge na cikin kwamfutar.

Yaron maƙwabcina da ke karatu a jami'ar Ngawundare ya leƙo, ya ce, "Baba, a gwada shi da H2testw mana." Manhajar tana cika katin da bayanai ne, sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta ajiye yana nan. Bai wahalar da kansa da terabait ba, gigabait 64 ya ce ta rubuta. Abin da ya dawo lafiya bai kai talatin ba. Katin na gigabait 32 ne, an sauya lissafin da ke ƙwaƙwalwarsa don ya riƙa faɗin abin da bai mallaka ba. Duk abin da ya haura iyakarsa ko dai ya bi iska, ko ya hau kan na farko ya murƙushe shi, sunayen fayil kuwa suna nan reras kamar ba abin da ya faru. Bikin ƙanwata ya tsaya a kamu. Har yau ba ta sani ba.

Karo na biyu na sayi na gaske, gigabait 256, mai alamar U3 a jiki. U3 na nufin rubutu ba ya sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa, ramin Deck kuma UHS-I ne, iyakarsa wajen megabait ɗari, don haka sayen wanda ya fi haka gudu asarar kuɗi ce. Fomat ya tafi sumul. Gargaɗi ɗaya: in ka kai katin nan Windows ba zai gane ext4 ba, zai roƙe ka ka yi masa fomat. Kada ka amsa masa.

Bayan sati uku cikin na'urar ya sake cika, alhali wasannin duk suna kan kati. Ashe tarkacen da ake tarawa don zanen wasa ya tafi daidai, da ɗakunan da Proton, manhajar da ke sa wasannin Windows su yi aiki a Deck, ke gina wa kowane wasa, a ciki suke zama. Na ce magani a gonar yaro: a canza SSD, wato ma'ajiyar da ke cikin na'urar. Na samo mai girman 2230, irin wanda ke shiga Deck, na jira dare ya yi sanyi, na kwance notuna takwas na baya, huɗu dogaye huɗu gajeru, na jera su a faranti kamar gwani. Na zura tsohon katin banki a gefe na ɓamɓare murfin.

Ƙas!

Memori yana ɗan leƙowa ta bakin murfin, shi ya sa ake fara zare shi kafin a taɓa noti ko ɗaya. Rabi ya faɗo kan tabarma, rabi ya maƙale a rami. Maiɗakina ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Malam, na dubu takwas ɗin ne ya karye?" Na dubi na dubu takwas, yana kan tebur lafiyarsa lau.